Aladen Marlys Ya Ƙi Ci

Litinin, 4 ga Nuwamba

Wata guda ke nan da binne matata Marlys, har yanzu abinci bai daina shigowa gidan nan ba. Yau Ardis Sundquist ce, maƙwabciyarmu, wadda ke raba wa matan coci ranakun girki in an yi rashi. Taliya da kifin gwangwani, a tangaran mai murfi, ta naɗo shi da tawul. Ta ce, "Wendell, ka ci da zafinsa, in ya huce ko kare sai ya yi shawara." Na yi godiya a bakin ƙofa.

Na zuba kaɗan a faranti na zauna. Kujerar Marlys tana fuskantata. Na kai cokali baki, maƙogwaro ya rufe. Ba ciwo ba ne, likita ya leƙa bai ga komai ba. Rufewa kawai yake yi. Kofi da ɗan biskit a tsaye, shi ne abin da ke wucewa.

Na ba Alade. Haka Marlys ke kiran injin niƙan ragowar abinci da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke, don a gonar da ta tashi aladu ake juye wa ragowa. Ka buɗe ruwan sanyi, ka danna makunni, ka tura abincin a ramin, ya yi gurnani ya haɗiye. Shi bai san an yi mutuwa ba.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na mayar da kwanuka uku. Kowanne da sunan mai shi a gindi, a kan ɗan salatef. Ƙa'idar ita ce ka mayar da shi a wanke, ka ce ya yi daɗi, in kana son cika ladabi ka tambayi me aka sa a ciki. Mayar da kwano da abinci kuwa, gara ka zagi uwar mai shi. Na tsufa ina raba wasiƙu a tudun nan na garin Duluth, na san gidajen da ba sa ga maciji har yau saboda kwano guda.

Kwandon shara ma ba dama. Tun da gwiwata ta lalace Ardis ce ke jan nawa zuwa bakin titi tare da nata, kuma ba ta taɓa jan kwando ba ta ɗaga murfin ba. Bayan gida kuwa ba zan iya zuba girkin mutane a ciki ba, ina da sauran kunya.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Renae ta kira daga Tucson, garin da take aure can cikin hamada. 'Yata ke nan guda, kuma halin uwarta ta ɗauko, in ta faɗi abu ta gama.

"Baba, me ka ci yau?" Na ɗaga murfin kwanon da ke gabana na faɗa mata, dankali da cuku. "Ka cinye?" Na ce har na ƙara.

Sai ta ce ta yi magana da likita, ya ce na rame. "Baba, mu yi ta ta ƙare. Ina zuwa Bikin Godiya ƙarshen watan nan. In na tarar kana cin abinci, gida na tafiya daidai, ba zan sake ce maka uffan ba. In na tarar da akasin haka, za mu sa gidan a kasuwa ka taho wurinmu. Ɗakin yana nan, har Curtis ya yi masa fenti." Curtis mijinta ne, mutum ne mai son fenti.

Na ce gidan nan sai dai a fitar da gawata. Ta ce, "Abin da nake gudu ke nan."

Me zan je in yi a hamada? Kabad ɗin kicin ɗin nan Marlys ce ta ƙera su da hannunta. Rigar sanyinta tana nan a rataye bayan ƙofa. In aka sayar, wasu za su zo su ɓalle komai su zubar, na ga yadda aka yi wa gidan da ke kan kwana.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Coci. Na huda sabon rami a bel ɗina kafin in fita, wando ya ƙi tsayawa.

Talata, 12 ga Nuwamba

Alade ya tsaya.

Laifina ne. Jiya Ardis ta kawo baƙar shinkafar tafki da kaza, babban tire, yau kuma Verna Haugen ta kawo miyar wake da ƙashin alade. Na gaji da ganinsu a firij, sai na juye su gaba ɗaya. Shinkafar ta fara wucewa. Da na bi ta da miyar sai na ji ƙwas, injin ya girgiza, sannan ya koma wani irin nishi ba ya juyawa. Can ya yi tsit. Ruwa ya taso a ramin, launin toka, wake na yawo a sama.

Na tsaya ina kallo kamar zai huce ya ci gaba da kansa. Saura mako biyu Renae ta zo, kuma kicin take fara shiga ko jaka ba ta ajiye ba.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Mai gyaran famfon unguwar nan Duane ne, mijin Vernar da ta yi miyar. Yana waƙa a coci, bakinsa kuma ba ya rufuwa ko a cikin addu'a. In ya kwance bututun nan ya ga girkin matarsa, kafin Lahadi labari ya kai Tucson. In na kira wani daban, Ardis za ta ga baƙuwar mota a ƙofa ta zo jin dalili. Ba mafita sai ni.

Ni kuwa ko ƙusa na buga sai ta lanƙwashe. Duk gyaran gidan nan Marlys ce. Aikina in riƙe mata tocila, shi ma ba na yi daidai. "Wendell, haska nan, ba fuskata ba." Na sha ganinta kwance a ƙarƙashin wurin wanke-wanken nan, ƙafafunta a waje, amma ban taɓa kula da abin da hannunta ke yi ba. Na ɗauka kullum tana nan.

Abu ɗaya na tuna, akwai ɗan jan maɓalli a gindin injin. Na durƙusa da ƙyar na lalubo shi na danna. Na kunna, ya yi nishin nan, maɓallin ya sake fitowa. Na yi ta yi har na ji ƙaurin waya na bari.

Na naɗe hannun riga zan zura hannu a ramin, sai na ji ta sarai a kunnena, "Yatsun sun yi maka yawa ne?" Na janye. Na cire filogin daga bango kamar yadda take fara yi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Wanke-wanke a bahon wanka. Abincin yau na juye a robar askirim na kai gareji, sanyi zai daskarar da shi. Amma Renae har gareji take buɗewa.

Na zura sandar tsintsiya ta sama na yi ta banƙara. Ba abin da ya motsa sai kafaɗata.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Kicin ya fara wari. Na kwashe ruwan da kofi, wani ya sake tasowa. Na buɗe taga, sanyi ya kore ni, na rufe.

Ardis ta zo karɓar tirenta. Na tare ƙofa da jikina kamar mai ɓoye ɓarawo. Ta ce, "Ba za ka ce in shigo ba?" Na ce mura nake yi, kada ta ɗauka. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Wuyan rigarka ya yi maka yawa." Na ce Marlys ce ke sayen manya. Don in kawar da zancen na ce shinkafar nan ba a magana, me ta sa a ciki? Fuskarta ta saki. Ta ce za ta rubuto min.

Da ta tafi na ji na tsani kaina.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Na kwashe duk tarkacen da ke ƙarƙashin wurin, sabulai da tsummoki da kwalaben da ban san amfaninsu ba, na kwanta rigingine na tura kaina ciki. A jikin bututu na ga ɗan ƙarfe mai lanƙwasa a bakinsa biyu, an ɗaure shi da salatef. Aikin Marlys ne, kowane abu tana ajiye shi inda za a buƙace shi. A tsakiyar gindin injin kuma ga ɗan rami daidai bakinsa.

Na zura na murɗa dama, ya ƙi. Hagu, ya ƙi. Na yi ta kai da komo, ina zagin injin, ina zagin Verna da ƙashinta, baiwar Allah ba ta ci ba ba ta sha ba. Can na ji ya saki kaɗan, sai ya saki gaba ɗaya, ƙarfen ya zagaya ba tangarɗa. Na miƙe na haska ramin, na sa filaya na zaro guntun ƙashi bai kai kan babban yatsa ba. Ɗan wannan abin.

Na mayar da filogi, na danna jan maɓallin, na kunna. Ya yi gurnani! Har na ce, "Marlys, kin ji?" da ƙarfi, ni kaɗai.

Murna ta koma ciki. Injin na juyawa amma ruwan ba ya tafiya, tumbatsa yake yi ta ɗaya ramin, na gefen da babu injin, har ya fantsamo min a riga. Ashe cutar biyu ce. Ƙashi ya tsayar da injin, shinkafa kuma ta kumbura ta toshe bututu.

Renae ta kira. Na ce na ci naman gashi da karas.

Talata, 19 ga Nuwamba

Ban tashi da wuri ba. Ban taɓa komai ba. Dusar ƙanƙara tun safe.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Zan rubuta yadda abin ya faru, tunda ba mai karantawa.

Bayan hantsi na shiga ƙarƙashin wurin da bokiti. Akwai wani guntun bututu mai lanƙwasa kamar gwiwa, na tuna Marlys na kwance shi in zobe ya faɗa. Na murɗe zoben roban da ke riƙe da shi, ya ƙi, na sa tsumma na murɗa da duka ƙarfina. Ya saki lokaci guda. Abin da ya zubo ba zan kwatanta ba. Shinkafa ta kumbura ta yi tsami, wake, taliya, duk abin da aka kawo gidan nan da sunan zumunci. Bokiti ya cika ya zube, ya bi hannuna ya shiga hammata, ya malale a ƙasa.

Na zo tashi, gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Na kama bakin kabad, hannu ya zame saboda santsi. Na sake, na faɗo a kan kafaɗa. Wayata tana kan teburi, ina hangen gefenta. Ko da na kai gare ta ma wa zan kira? Motar asibiti ta tsaya a ƙofar nan, Tucson ke nan.

Na kwanta a cikin ƙazantar ina kallon cikin kabad. A jikin katakon ga layukan fensir ɗin Marlys na awo, tun lokacin da ta ƙera shi. Ba wani abu ba ne, layi ne da lambobi. Na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza. Sanyin siminti ya shige ni har na daina jin ƙafata. Na yi tunanin maganar da na faɗa wa Renae ta fitar da gawa, ban ji ta da daɗi ba a kwance a wurin.

Da rana ta yi gora na ji ƙwanƙwasa. Na yi shiru. Aka sake. Sai na ji mukulli a ƙofa, na manta Marlys ta ba Ardis ɗaya tun da daɗewa.

Ta tsaya a bakin kicin da kwano a hannu. "Wendell Rautio, kana raye?"

Na ce gyara nake yi.

"Na ga alama."

Ba ta iya ɗaga ni, ita ma ba yarinya ba ce. Ta jawo kujera ta danne ta da jikinta, na kama na hau a hankali kamar jariri mai koyon tsayuwa. Ta lulluɓa min tawul. Sai idonta ya faɗa kan bokitin. Ta daɗe tana kallo.

"Wannan shinkafata ce."

Ta juyo ta dube ni.

"Ƙanena ne ya shiga tafki da kwalekwale ya karkaɗo ta, da ciwon bayansa. Ni kaina sai Kirsimeti nake dafawa. Ga waken Verna. Tun yaushe?"

Na ce tun farko.

Ta sa hannu a aljihu ta fito da 'yar takarda ta ajiye a kan teburi. "Ga abin da ka tambaya, abin da na sa a ciki. Na zauna na rubuta maka kamar sakarya." Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Na ce ba raini ba ne, ba ya wucewa ne. In na zauna a teburin nan wuyana rufewa yake yi. Ta ce, "To bakinka ma rufewa yake yi? Ba ka iya cewa?" Na ce a garin nan wa ya taɓa cewa a daina kawo masa abinci? Ita ma ta san gaskiya ne.

Na roƙe ta kada Renae ta ji. Ta ce, "Ni ba na kai gulma. Amma in ta tambaye ni, ban iya ƙarya ba, kuma ba a kanka zan koya ba."

Na zaci tafiya za ta yi. Sai ta cire rigar sanyinta ta ɗauki tsumman goge ƙasa. Ta wanke gwiwar bututun a famfon gareji, ta zura waya a wanda ya shige bango ta sosa har ya buɗe. Mayarwa kuwa ta ce ni zan yi, ita ba ta durƙusa wa kowa. Na sake kwanciya, wannan karon da kujera a kusa, ita ta riƙe tocila. Ban san lokacin da bakina ya ce, "Haska nan, ba fuskata ba." Ta gyara hannu.

Muka buɗe ruwa. Ya tafi, zuuu, ba ɗigo. Ta kwashe robobin gareji ta zuba a motarta, ta ce akwai masu yunwar gaske a gari. Ba ta yi min sallama ba.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Ba wanda ya kawo komai. Kafaɗa ta yi baƙi. Injin lafiya lau, na kunna shi ba komai a ciki don in ji.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Ardis ta zo da ɗan ƙaramin kwano, farfesun kaza. Ba ta miƙo a ƙofa ba, ta wuce ni ta shiga, ta ɗauko faranti biyu. Ta ja kujerar Marlys za ta zauna. Na ce, "Ba nan ba." Da ƙarfi na faɗa, har na ji kunya. Ta mayar da kujerar yadda take ta jawo ta gefe.

"Ban zo hira ba. Ci."

Ta ci nata tana kallona. Na sha kusan rabi. Tsoronta ne kawai, matar nan ta koyar da 'yan firamare har ta yi ritaya, idonta ya saba.

Ta ce ta faɗa wa matan coci su bar ni in huta haka, firij ya cika. Ta kuma ce bayan biki za ta tafi Texas wurin yayarta, sai sanyi ya wuce, kamar kowace shekara.

Talata, 26 ga Nuwamba

Renae ta iso, ita kaɗai, ta baro Curtis da yaran uku. Na sa rigar sanyi biyu don in cika ido. Ta rungume ni ta daɗe ba ta saki ba, na san ƙasusuwana take ƙirgawa. "Ka rame, Baba." Na ce makoki ne, ana ramewa.

Ta shiga kicin da jakarta a kafaɗa. Firij, kabad, gareji. Ta buɗe famfo. Ta shinshina iska ta ce warin sabulun wanke ƙasa ya yi yawa. Na ce tsafta ce ta kama ni da tsufa.

Da yamma ta soya ƙwai muka ci. Tana ba ni labarin ƙaramar 'yarta da ta yanke wa kare gashi, ban lura ba sai na ga faranti ba komai.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Bikin Godiya. Renae ta gayyato Ardis.

Tana feraye dankali, ta tara ɓawon za ta tura a rami. Na daka mata tsawa daga inda nake zaune, "Kada ki ba Alade ɓawon dankali! Liƙewa yake yi ya toshe bututu." Ta juyo tana kallona. "Baba, yaushe ka san wannan?" Na ce ai kwanan nan ya tsaya na gyara shi. Ƙashi ne ya maƙale. Na nuna mata ɗan ƙarfen da ramin da jan maɓallin.

"Kai? Kai da kanka ka gyara? Baba, kai da kwan fitila ma sai Mama ta riƙe maka tsani tana faɗa maka inda ake juyawa!" Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, sai dariyar ta koma kuka. Na dafa kanta.

Muka zauna cin abinci, talotalo da dankali da miya. Renae ce a kujerar uwarta, ban ma ga lokacin da ta zauna ba. An jingina waya da kwalbar gishiri, jikoki na ta ihu daga can, kowa na nuna abin da ke cikin farantinsa. Ana cikin haka Renae ta juya ta ce, "Ardis, ki faɗa min tsakaninki da Allah, yana cin abinci kuwa?"

Cokalina ya tsaya. Ardis ta goge baki a hankali. Ta dubi farantina, ƙari na biyu ne a ciki, na kusa cinyewa. Ta ce, "Ga shi nan gabanki, kina da ido."

Renae ta yi murmushi ta miƙo min miya. Ardis ba ta sake dubana ba har ta tafi.

Litinin, 2 ga Disamba

Renae ta tafi. A bakin ƙofa ta ce, "Baba, na janye maganata. Kana ci, kana gyara, ga Ardis kusa. Gidanka ne, ka zauna. Zan ce wa Curtis ya mayar da ɗakin wurin karatun yara." Na ce yauwa, dama na faɗa mata.

Na ci nasara. Na tsaya a taga har motar ta sha kwana.

Ta cika firij da ragowar talotalo, kowace roba da ranar da zan ci a rubuce.

Laraba, 4 ga Disamba

Ardis ma ta tafi Texas. Ta bar min mukullinta in zuba wa furanninta ruwa. Ta ce, "Ban yi maka ƙarya ba, ban kuma yi mata ba, amma ban ji daɗin kaina ba. Sauran ya rage naka."

Wani dattijo ya rasu a coci, kwanuka sun koma gidan matarsa. Haka abin yake, ban ga laifin kowa ba.

Juma'a, 6 ga Disamba

Na ɗumama robar Juma'a. Na zauna. Ya rufe.

Na gwada a falo gaban talabijin, na gwada a tsaye bakin taga. Na ba Alade kaɗan-kaɗan da ruwan sanyi, ba ƙashi, ba shinkafa. Yanzu na iya sosai, ba zai sake tsayawa ba.

Asabar, 7 ga Disamba

Ba wanda ya ƙwanƙwasa. Ban yi magana da kowa ba sai rediyo.

Lahadi, 8 ga Disamba

Ban je coci ba, titi da santsi. Gidan tsaf, komai na aiki. Na zagaya ɗakunan ɗaya bayan ɗaya, ban san me nake nema ba.

Renae ta kira da yamma. Ina jin ƙarar faranti a bayanta, wani yaro na cewa an fi ba wani nama, Curtis na cewa kowa ya zauna. Ta ce, "Baba, me ka ci?" Na ce talotalo. Ta ce madalla, za ta kira gobe, suna shirin zama ne.

Ban ajiye ba. Na tambaye ta ko Curtis ya riga ya kwashe gadon daga ɗakin nan. Ta ce a'a, bai samu lokaci ba, me ya faru? Na ce ba komai, kada ya wahalar da bayansa da gaggawa.

Sai na tambaye ta ƙarfe nawa suke zama cin abincin dare a can.

Tambaya ce kawai.